Barka da Arziki, Batsari Ta Zama Birni

Ina masu guɗa? Ku matso kusa, yau ranarku ce. Ina maroƙan ƙasar Ruma da makaɗan Yariman Safana? A ɗaure kalangu, a gyara murya, domin abin da kakanninmu suka yi ta fata bai zo a zamaninsu ba, ga shi ya zo a namu. Batsari ta cika ta batse. Wanda ya rabu da garin shekara goma, in ya sauka a tasha yau, sai ya nemi ɗan rakiya kafin ya gane hanyar gidansu. Inda muka sani gonar gero ce, yanzu unguwa ce mai suna. Inda yara ke kiwon awaki da hantsi, yanzu bulo ne jere kamar haƙoran tsoho. Safana ma ba a bar ta a baya ba. Birnin Katsina kuwa ba a magana, ya tsallake ganuwa ya miƙe ƙafa har ya haɗe da Batagarawa. Wannan shi ne cigaba, kuma duk wanda ya ƙi yabawa, to hassada ce ke cin sa.

Abu na farko da ya cancanci jinjina shi ne dabarar da aka bi. A wasu ƙasashe, kafin gari ya tara jama'a sai an sha wahala. Sai an kafa masaƙa, an ja bututun ruwa, an gina makarantu da asibitoci, sannan a zauna ana jiran mutane su zo a hankali, kowa da akwatinsa. Mu Allah ya hutar da mu wannan dogon zango. Ba mu kafa masana'anta ko ɗaya a Batsari ba, amma mutane suka cika garin cikin dare, wasu ko takalmi babu, mata da goyo a baya da tabarma a ka. Dajin Rugu, wanda aka keɓe tun zamanin Turawa don itatuwa da kiwo, 'yan bindiga kuma suka mayar da shi maɓoya, shi ya ɗauke wa hukuma nauyin tallata zaman birni, kuma ya yi aikin da babu wani kwamishina da zai iya.

A watan Mayun 2019 aka kashe manoma 18 a 'Yar Gamji, 'yan'uwansu suka ɗauko gawarwakin a mota har cikin Katsina don manya su gani da idonsu. A watan Fabrairun 2020 aka afka wa Tsauwa da Dankar, aka kashe mutum 30, aka ƙone rumbuna da dabbobi. Allah ya jiƙansu da rahama. Bayan kowace irin wannan rana, sai gari ya ƙara faɗi. Ƙidayar 2006 ta ce ƙaramar hukumar Batsari na da mutum sama da 200,000, akasarinsu a warwatse cikin ƙauyuka da rugage, kowa na fama da gonarsa. Ina amfanin warwatsuwa? Yanzu ga su an tattaro su wuri guda, ɗaki ɗaya mutum goma, zumunci ya ƙara ƙarfi.

A yaba kuma wa hikimar masauki. Lokacin da jama'a suka kwararo a 2019, makarantar firamare ta cikin gari aka buɗe musu. Ajin da ake koyar da baƙi da wasali ya koma ɗakin haihuwa da ɗakin girki da ɗakin zaman makoki, duk a lokaci guda. Wane mai zanen gini ne ya taɓa tunanin ɗaki ɗaya zai yi wannan aiki haka? Da zaman makarantar ya ƙare, sai kangaye suka karɓi baƙi. Attajiran da suka fara gini suka bar shi ba rufi, ashe sadaka mai gudana suka yi ba su sani ba.

Na shiga ɗaya daga cikin kangayen nan a bakin gari, wata ranar damina da la'asar. Ginin bulo ne mai ɗaki huɗu, an kai shi linta aka tsaya. An rufe ɗaki biyu da buhunan taki da aka farke aka ɗinke, an danne gefensu da duwatsu. A tsakar gidan wata dattijuwa na hura wuta da kara da tsinken leda, hayaƙi na shiga mata ido. Tukunyar ba ta da murfi sai wani tsohon faranti. Na durƙusa na gaishe ta.

"Inna, ina wuni? Ya baƙunta?"

"Lafiya lau, ɗan nan. Baƙunta kam ta zama zama, damina ta huɗu ke nan."

Na tambaye ta ruwa, ta nuna min jarka biyu da jikokinta suka jawo daga wata rijiyar burtsatse da ke can tsallaken titi, inda ake biya kafin a ɗiba. Na tambaye ta makewayi, ta sunkuyar da kai ta nuna bayan katanga. Kafin in tashi, ta kwance wani ƙullin tsumma daga cikin ƙwaryar kayanta ta nuna min. Irin gero ne, bai fi cikin tafi uku ba.

"Na gonarmu ne," in ji ta. "Mun kwana da yunwa ba sau ɗaya ba, amma ban bari an taɓa shi ba. Duk shekara nakan ba wani ya shuka min kaɗan a gefen gonarsa don kada ya mutu. Ranar da aka koma, da me za a fara?"

Dubi rashin wayewa irin na mutanen ƙauye! An kawo ta birni, ga titi ga fitilar kan hanya tana hangowa daga nesa, amma hankalinta na kan wata gona a bakin daji.

Sai gwarazan wannan zamani, dillalan filaye, Allah ya ƙara muku kasuwa. Ku ne masu tsara birni na gaskiya. Wasu sai sun yi shekaru a jami'a suna karanta taswira, ku kuwa igiya ɗaya da turaku huɗu sun ishe ku. Da safe gona ce, kafin azahar ta zama fuloti ashirin. Awon igiya bai san ɓarna ba: ba ya barin filin makaranta, ba ya barin filin asibiti, ba ya barin maƙabarta, ba ya barin inda yara za su buga ƙwallo. Hanya ma ana barin ta ne daidai yadda mai kura zai wuce da jarkokinsa in ya karkace. Magudanar ruwa kuwa, ai ruwa ya san hanyarsa tun kafin a haife mu, in ya ga dama ya bi ta ɗakin kwana.

Na taɓa tsayawa kusa da wani dillali yana cinikin gonar wani magidanci da kuɗin fansa ya ci ƙarfinsa. An ɗauke masa ɗa, an yanka masa abin da zai kawo, an ba shi kwanaki. Dillalin ya dafa kafaɗarsa cikin tausayi ya ce, "Malam, ka san halin da ake ciki, kowa sayarwa yake, masu saye sun yi kaɗan. Don dai kai ne." Aka saya a farashin wanda wuƙa ke wuyansa. Ba a rufa shekara ba aka yanka gonar, aka sayar wa waɗansu masu gudun hijirar a farashin wanda ba shi da wurin kwana. Riba ta gaba, riba ta baya. Wace sana'a ce ta kai wannan albarka?

Kada a manta da doka, ita ma ta taka rawar gani. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birni a hannun gwamna, na karkara kuma ta bar wa ƙaramar hukuma ta ba da izinin amfani da su. To gefen gari fa, inda jiya karkara ne yau kuma birni? Nan ne aljannar mai igiya. Kafin takarda ta taso daga wannan ofis ta isa wancan, an yi gini, an tare, an haifi yara, an yi musu suna. Ranar da hukuma ta farka, sai ta zo da jan fenti ta shafa wa bangon talaka, a ce ya yi gini ba bisa ƙa'ida ba.

Kasuwa ma ta shaida. Kasuwar Batsari ta ranar Alhamis, wadda rogonta da hatsinta da dabbobinta ke jawo motoci daga nesa, ta ga zamani. A 2021 gwamnati ta hana cinikin dabbobi a kasuwannin yankin, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Batsari da Safana, don a toshe wa 'yan bindiga hanya. Mutane suka huta da ƙarar waya, mai son gaida ɗan'uwansa sai ya hau mota ya nufi Katsina. Manomin da a da yake cika rumbu uku ya fitar da zakka ya aurar da 'ya'ya, yanzu ya waye, ya zama ɗan birni sosai: yana sayen gero tiya-tiya, ran da babu kuma gwangwani-gwangwani. Ɗansa da ya iya huɗa da shanu tun yana ɗan shekara goma sha biyu, yanzu yana tura baro ko yana acaba da babur ɗin haya. Matarsa na wankau a gidajen ma'aikata. Ƙananan kuma suna bin layin motoci da roba a hannu. Kowa ya samu aikin yi.

Mu hau mota mu bi jama'a zuwa babban birni, domin wanda Batsari ta yi wa kaɗan, Katsina yake nufa. Ka shiga ta Ƙofar 'Yanɗaka ka sha kallo. A watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe gadojin ƙarƙashin ƙasa na Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Ƙwaya. Mota na nutsewa ta ɓullo kamar a Abuja, dare ya yi fitilu su haska. Ka bi hanyar Dutsin-ma ka ga jami'o'i da manyan makarantu da gidaje masu jan rufi. Ka leƙa rukunin gidaje na Barhim da Goruba da sauransu. Duk wanda Allah ya buɗa wa a cikin gari, abu na farko da yake yi shi ne ya tattara iyalinsa ya fita bayan gari, ya ja katanga mai tsayin mutum biyu, ya ɗora mata waya mai ƙaya, ya haƙa rijiyar burtsatse tasa shi kaɗai, ya kafa farantan hasken rana nasa shi kaɗai, ya ɗauki maigadi. Maigadin ma sau da yawa ɗan gudun hijira ne, wanda ya kasa tsare ƙauyensu da hannu wofi, yanzu yana tsare gidan wani da gora.

Wannan tsari ya fi na magabata nesa ba kusa ba. Su mutanen da, da ƙarancin dabararsu, ganuwa ɗaya suka yi wa gari duka. Suka bar fili a cikinta na noma da kiwo da rijiyoyi, don in yaƙi ya taso mutanen karkara su shigo su fake, su ci su sha, ƙura ta lafa su koma gida. A ƙarni na 19, bayan sarakunan Haɓe sun koma Maraɗi suna kawo hari ƙasar Katsina, yankin Ruma ne bakin daga, kuma a nan aka yi jarumai irin su Ɗanwaire waɗanda suka tsaya don talaka ya kwana a gonarsa. Sarkin wancan zamani ya ɗauka cewa in ƙauye ya faɗi, birni ma ya kusa. Mu kuwa mun gano cewa ganuwar gari ɓarnar ƙasa ce. Mun sare ta mun yi bulo, mun gina shaguna a kanta, kowa ya yi tasa ganuwar daidai gidansa. In wuta ta kama gemun maƙwabci, kai dai ka rufe get.

Cikin tsohon gari kuma, inda hasumiyar Gobarau ta yi ɗaruruwan shekaru tana kallon masu wucewa, inda Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani suka koyar har sunan Katsina ya kai ƙasashe, an bar shi ya huta. Manyan zaurukan da ake karatu a cikinsu an yanka su shaguna. Gidan gado in ya faɗi a damina, magada na can bayan gari, sai a zuba masa ido ya zama juji. Kwata na gudana a tsakiyar lungu, yara na tsallake ta zuwa makarantar allo. Kududdufan da ke shanye ruwan sama an cike su da shara an sayar, ruwan kuma da ya rasa masauki sai ya shiga gidajen mutane ya kwana. Famfo ya zama kayan tarihi, 'yan ga-ruwa su ne hukumar ruwa. Amma wa zai ga wannan? Baƙo daga filin jirgi yake, ta kan kwalta zai bi, ta ƙarƙashin gada zai wuce. An yi kitso mai kyau, ƙwarƙwata kuma ai a ƙasan gashi take.

Har Amurka mun tsere wa. Birnin Ditroyit, cibiyar ƙera motoci, yana da mutum sama da miliyan 1.8 a 1950. Masu hali suka yi ta ficewa zuwa sababbin unguwannin bayan gari da motocinsu da harajinsu, har birnin ya tsiyace ya kai kansa kotu a 2013 yana cewa ba zai iya biyan bashi ba, jama'arsa kuma suka koma ƙasa da 700,000. Su cuta ɗaya ta kama su, masu kuɗi sun gudu daga tsakiya. Mu mun haɗa biyu: masu kuɗi na gudu daga tsakiya zuwa gefe a mota, talakawa na gudu daga ƙauye zuwa gefe a ƙafa, sai a haɗu a bakin gari, wannan cikin katanga, wancan a jikin katangar. Tsakiya ta ruɓe, ƙauye ya mutu, gefe na ta kumbura.

Kumbura na ce, kuma a nan yabon ya maƙale min a wuya, ba zan iya ƙarasa shi ba.

Duk uwar da ta yi jinyar yaro mai tamowa ta san bambancin ƙiba da kumburi. Ƙafa takan cika, fuska ta yi fam, wanda bai sani ba ya ce yaro ya yi kyau. Sai ka danna da yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Ƙungiyar likitocin nan ta Na-gari Na-kowa, MSF, wadda ke jinyar yara masu tamowa a Katsina tun 2021, ta bayyana cewa yara 652 ne suka rasu a cibiyoyinta na jihar cikin wata shida na farkon 2025. Wannan a jihar manoma, a ƙasar gero da dawa da wake. Waɗannan yara su ne yatsan da aka danna a jikin garuruwanmu, kuma wurin ya lotsa. Garin da ke faɗi saboda gonakin da ke ciyar da shi sun zama kufai, ba girma yake ba, ciwo ne ke cin sa.

Ina ƙaunar Batsari, ina ƙaunar Katsina, shi ya sa nake faɗa da zafi. Ba na ƙin gada, ba na ƙin kwalta, kuma ba laifi ba ne mutum ya gina gida mai kyau da halalinsa. Abin da nake ƙi shi ne a kira cuta da sunan lafiya. Lafiyar Katsina daga Wagini da Ruma da Runka da Zakka take farawa. In manomin can ya kwana a ɗakinsa, ya yi shuka ya yi girbi ba tare da ya biya wani ɗan bindiga kuɗin shiga gonarsa ba, rabin cunkoson birni ya warware da kansa. An kafa rundunar tsaron al'umma ta jiha a watan Oktoban 2023, an kuma yi sulhu a Batsari a farkon 2025, har wasu suka fara leƙa gonakinsu. Amma wanda ya koma ya tarar da rijiya ta rufta, makaranta ba rufi, ɗakin shan magani ba ma'aikaci, hanya ba ta biyuwa da damina, zai sake ɗaure kayansa ko da ba a harba bindiga ba. Komawa gida aiki ne da ke son kuɗi da tsari kamar yadda gada ke so, kuma ya fi gada gaggawa.

Waɗanda kuma ba za su koma ba, don da yawa sun binne abin da zai mayar da su, a daina kallonsu a matsayin baƙi. 'Yan gari ne. Hukumar tsara birane da ƙananan hukumomi da hakimai da masu unguwanni su riga mai igiya isa gona: a fitar da hanya da magudana, a ware filin makaranta da asibiti da maƙabarta tun ƙasa tana da araha, domin ba a fafe gora ranar tafiya. A mayar da ruwan famfo cikin lungunan tsohon gari, a yashe kwatoci, a hana cike sauran kududdufan da suka rage, a tsare abin da ya saura na ganuwa. Masu hali da suka fita bayan gari su tuna gidan da aka yanke musu cibiya, su tuna cewa sauro da amai da gudawa ba su san get ba, yaron da ya tashi a kango ba karatu ba sana'a kuma, ba katangar da za ta yi masa tsawo.

Ku masu guɗa da na kira da farko, ku yi haƙuri ku koma gida, ban kira ku a kan lokaci ba. Akwai wata dattijuwa a wani kango a bakin Batsari da ƙullin irin gero a cikin ƙwarya. Ranar da ta kwance tsumman nan a gonarsu, ta sa dunduniya ta rufe ramin shuka, ta kwana a ɗakinta har asuba ba ta ji ƙarar babur ta zabura ba, zan aiko a kira ku. Ranar ku yi guɗa har muryarku ta dushe.